Kurakuran da muke yawan tafkawa wajen cinikin mota a Abuja

Duk wanda ya taɓa bin titin Kubwa ko hanyar filin jirgi ya ga motoci jere a bakin titi an wanke su suna ƙyalli, ya san yadda zuciya ke rawa in akwai kuɗi a akawun. Na raka mutane da dama sayen mota, 'yan uwa da abokan aiki, kuma abinda ke ci min rai shine kusan kullum a rami ɗaya muke faɗawa. Mutum zai kwashe awa biyu yana ja-in-ja akan dubu 200, a rage masa ya fito yana murna, alhali asarar gaske tana can wajen da ko tambaya bai yi ba.

Tun daga bakin get ake fara yin kuskure. Ka shigo ka miƙe wajen mota ɗaya, ka buɗe ka zauna ka riƙe sitiyari, har ka kira madam a bidiyo kana nuna mata kujeru, toh wallahi dila ya gama karanta ka tun kafin ku gaisa. Sai ya matso da fara'a yace Alhaji nawa ne a hannunka mu ga wadda za ta dace da kai. Dan Allah kar ka amsa wannan tambayar, in kace miliyan 15 to motar miliyan 12 ma ta zama ta 15 a take. Ka bari shi ya sa mata suna, kai kuma ka taya, kuma kafin ranar ka riga ka zaga wuri uku ko huɗu ka duba Jiji, shafin saye da sayarwa na intanet, ka san inda kasuwar irin motar ta tsaya. In yace albarka ba faɗa bane, haka ciniki yake, ka bar masa lambarka ka yi sallama cikin mutunci ka tafi. Sau da yawa kafin ka kai gida waya ta shigo.

Sai maganar 'yan kamasho, wadda mutane basa son a taɓa. Motar da kake gani a fili ba lallai ta mai wurin bace, wani ne ya ajiye, wani ya kawo ka, wani ya haɗa ku, kowa kuma ya ɗora nasa a kai kafin farashin ya iso kunnenka. Har bakaniken da ka ɗauko ya duba maka, in ba ka yi da gaske ba, za a ja shi gefe a ce masa akwai naka in ciniki ya faɗa, daga nan komai ya gani sai yace lafiya lau Oga. Ba cewa nake duka haka suke ba, akwai masu tsoron Allah sosai. Amma ka biya bakanikenka kuɗin aikinsa mai kyau daga aljihunka ko an saya ko ba a saya ba, kar ka faɗa masa wurin da za ku sai kun kama hanya, sannan ka tambaya ƙarara: motar waye, kuma la'ada nawa ce, wa zai biya.

Abinda ya fi min ciwo shine wanda ya faru da ƙanina. Ya tara kuɗinsa shekara da shekaru, ya je wani wurin saida motoci ya ga jip baƙa, fitilu irin na zamani, bamba sabuwa, aka ce masa 2015 ce, ya biya kuɗin 2015. Bayan wata biyu muka kai ta Apo za a canza wani abu a ƙafa, bakaniken ya leƙa ta gilashin gaba ya karanta lambar chassis, ya ɗago ya kalle shi yace Yallaɓai ai wannan 2010 ce aka yi mata ofgired, wato aka canza mata fitilu da bamba ta yi kama da sabon yayi. Ina tsaye na ga yadda fuskar yaron nan ta canza, ko magana ya kasa. Kuma abin da zai cece shi bai fi minti ɗaya ba. Lambar nan da ake kira VIN guda 17 ce, haruffa da lambobi, tana ƙasan gilashin gaba ta gefen direba da kuma jikin ƙofa, kuma a motocin da aka yi wa kasuwar Amurka ta goma a jerin ita ke faɗin shekara: daga 2001 zuwa 2009 lamba ce 1 zuwa 9, A na nufin 2010, B 2011, haka har F 2015. Tashi A ce ɓaro-ɓaro. Ofgired ba haramun bane in an faɗa maka, amma kuɗinta daban.

Da wannan lambar dai za ka biya a ciro maka tarihin motar a Carfax, shafin da ke ajiye tarihin motocin Amurka, ka ga ko ta yi hatsari, ko ruwa ya shanye ta aka yi gwanjonta a Copart, kamfanin gwanjon motocin da suka lalace, da ainihin tafiyar da ta yi, don ana mayar da mita baya kamar wasa. Ka ɗaga kafet ka shinshina, ka sa a jona mata kwamfuta, a leƙa ƙasa a tabbatar ba a cire katalis ɗin salansa ba wanda 'yan gareji ke kira indomi. Ka je da safe injin na sanyi, kuma ka fita da ita titi ka taka sosai da AC a kunne, zagaye cikin fili ba gwaji bane. Duk laifin da aka gano kuɗi ne da za ka zabge a ciniki, da hujja a hannunka ba da roƙo ba.

Takardar kwastam kuwa kar ka yarda da "za a kawo gobe". Tun Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, amma motocin Kwatano ba su daina shigowa ba, wasu da takardar bogi wasu an biya diyuti rabi. Ka karɓi kwafi ka je ofishin kwastam a tantance kafin ka biya, ka ga lambar chassis ɗin takarda ta yi daidai da ta jikin mota harafi da harafi. Arahar da aka yi maka ba za ta amfane ka ba ranar da aka tsayar da kai a hanyar Keffi da iyali a ciki.

Masu zuwa kamfani su ɗauko sabuwa dal a leda su ma suna da nasu. Da yawa suna ɗauka farashin kamfani ba a taɓa shi, ai kuwa ana taɓawa, in ma basu rage kuɗi ba za su iya ƙara maka sabis kyauta ko su ɗauke maka kuɗin rajista, musamman motar bara da ta kwana a shago sabuwa ta shigo. Ka tambaya ko harajin VAT na kashi 7.5 yana cikin kuɗin da aka faɗa ko sai a wajen biya zai fito, don akan babbar mota wannan kaɗai miliyoyi ne. Sannan tun da aka saki naira a Yunin 2023 farashi na bin dala, saboda haka ka sa a rubuta maka a takarda kwana nawa wannan farashin zai tsaya. Garanti ma ka ji shekara nawa ko kilomita nawa, da sharaɗin inda za ka riƙa yin sabis, kuma sabuwar da wani ɗan kasuwa ya shigo da ita da kansa daga Dubai ba lallai wakilin kamfanin nan ya karɓe ta a garanti ba.

Biyan kaɗan-kaɗan shine inda ma'aikata ke shiga uku. Za a ce maka kaza ne kawai duk wata, kai kuma ka auna da albashi ka ga zai ɗauka, shikenan ka sa hannu. Ka ɗauki waya ka ninka kuɗin watan da yawan watannin, ka haɗa da na farko da za ka ajiye, da cikakkiyar inshora da ake wajabtawa, da kuɗin tiraka, na'urar bin sawun mota, sai ka ga ainihin nawa motar ta tsaya maka. A ƙarshen 2024 kuɗin ruwan da CBN ya tsayar ya kai kashi 27.5, na bankunan kasuwa kuma sama da haka yake. Wanda ke gudun riba zai iya zuwa Jaiz ko TAJ a yi Murabaha, banki ya sayi motar ya saida maka da ribar da aka sani tun farko, amma a nan ma ka fara gama cinikin motar da dila tukuna, don akan kuɗin da ka amince za a ɗora. In kuma haya ce irin ta Ijara, ka karanta da kyau sunan wa ke kan takardu, me zai faru in ka yi lattin wata biyu, kuma a ƙarshe motar taka ce ko mayarwa za ka yi.

In za ka bada tsohuwarka ka yi ciko, kar ka ambace ta sai an tsayar da kuɗin sabuwar, in ba haka ba a rage maka nan a danne ka can.

Kafin alƙalami kuma kar ka bayar da baki kawai don ana ce maka wani na zuwa da kuɗi anjima. A rubuta nawa ka bayar, na wace mota da lambar chassis ɗinta, da cewa za a maida maka in takardu ko inji suka nuna matsala. Ka tura kuɗi akawun kamfani ko na wanda sunansa ke kan takarda, ba na yaron da ya nuna maka mota ba, a baka rasit da yarjejeniyar saye da shaidu. Kuma ka rage wani abu a hannu, akwai lamba da rajista a ofishin VIO na Mabushi, inshorar dole da ta koma naira 15,000 tun Janairun 2023, juyen baƙin mai, wataƙila da tayoyi da batir, duk a satin farko za su taso maka.