Ba ƙwaro kaɗai ke lalata wake ba: kurakuran masu ajiya

Duk kaka sai sabbin 'yan ajiya su cika kasuwar Dawanau ta Kano, su sayi wake da araha, su jibge suna jiran tsada, hankalinsu duk yana kan ƙwaro. Damina na kankama su kwance buhu, babu huji ko ɗaya, amma farin waken ya dafe ya koma ruwan ƙasa. Mai garau-garau ta auna, washegari ta dawo tana mita: itace ya ƙare, wake yana nan tsuru a tukunya.

Babban kuskuren shi ne a ɗaure wake bai gama bushewa ba, a kuma kai shi ɗaki mai zafi. In zafi da laima suka daɗe tare, sinadarin da ke manne naman waken yakan ƙanƙame, tafasa ta kasa sassauta shi, kuma ba ya komawa yadda yake. Fatar kuwa iska da haske ne ke rina ta, har jan wake duhu yake ƙarawa. Wata bazara shagon kwano marar silin ya cinye min riba tas, buhunan da ke sama su suka fi taurin kai. A Kano zafin Afrilu kan haura digiri 40 a waje, to ina ga ƙarƙashin kwano? Masana sun ce kada laimar wake ta wuce kashi 13 cikin 100. Ni haƙori ne na'urata: in na ciza ya fashe ƙaras, na ɗaure; in ya lotsa, ya koma shanya, ko mai mota na jira. Sannan ɗakin ƙasa mai sanyi da duhu nake nema.

Ku kuma masu yayyafa wa wake maganin ƙwari na Sniper, ku ji tsoron Allah. Abincin mutane ne fa! Irin wannan guba ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Ga buhun PICS nan, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, leda biyu a ciki, buhu a waje. A matse iska, a ɗaure kowacce leda daban, ƙwaro ya mutu da kansa, launi ma ya fi daɗewa. Amma ka zuba ɗanyen wake a ciki, fumfuna za ka tarar.

Kada buhu ya zauna kan siminti ko ya jingina da bango, a sa katako. Cakuɗa sabo da tsoho ha'inci ne, kuma rabi zai farfashe rabi bai nuna ba. Na cefanen gida a ware shi a jarka, a daina kwance leda kullum.

Wanda ya riga ya yi tauri kuwa, kada a labta masa kanwa, baƙi zai ƙara, ɗanɗano ya gudu. Ni jiƙa shi nake sa a yi cikin ruwan gishiri ya kwana, a kuma jinkirta tumatir sai ya yi laushi. In ya ƙi, a kai inji a niƙa garin ɗanwake.