Yadda ake rage ƙarar salansar ƙaramar tarakta mai shan gas

Masu noman rani a bakin dam ɗin Ajiwa ko Daberam sun san ƙarar ƙaramar taraktar nan da ake bi da ƙafa. Yawancin taraktocin injin silinda ɗaya gare su, irin S195 da ZS1115 na China. Irin wannan inji yana tashin wuta sau ɗaya a kowane juyi biyu, don haka idan yana juyi 2,200 a minti, hayaƙi na fita bugu 1,100, wajen 18 a kowace daƙiƙa. Bugun nan mai kauri shi ke sa kunne ya kwana yana amo. Ƙarar da ta kai desibel 85, idan ana wuni cikinta awa takwas kullum, tana cin ji a hankali, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa.

Kafin a kashe ko sisi, a bar injin ya huce, a duba inda bututu ya haɗu da kan inji. Idan an ga baƙin kunkunniya ya zana layi a gefen mahaɗar, gaskit, wato faifan da ke toshe mahaɗar, ya ƙone, hayaƙi na fita tun bai kai salansa ba. A sa sabon gaskit, a ɗaure notocin bi da bi, kaɗan nan kaɗan can, don kada fuskar ta karkace. Sai a ƙwanƙwasa jikin salansar da sifana: idan wani abu na kaɗawa a ciki, farantin da ke raba ɗakuna ya ɓalle. Sau da yawa maganar a nan take ƙarewa.

Idan sai an canza, salansa iri uku ce. Akwai mai ɗakuna, wadda hayaƙi ke shiga ya bugi faranti, ya juya, ya wuce wani ɗaki kafin ya fita. Ita ke kashe bugu mai kauri. Akwai miƙaƙƙiya, bututu mai huda-huda da aka naɗe da audugar gilashi. Tana rage ƙara mai tsini, amma a injin gas kunkunniya kan toshe audugar cikin 'yan watanni. Ta uku ta haɗa biyun. Ga silinda ɗaya, mai ɗakuna ko mai haɗin ita ce zaɓi. Salansar babur kuwa a ƙyale ta, ta yi ƙanƙanta ƙwarai.

Girma shi ne kan gaba. Abin da makanikai ke bi shi ne cikin salansa ya kai kamar ninki goma na cikin silinda. S195 na da kusan lita 0.8, sai a nemi gwangwani mai lita 8. ZS1115 na da kusan lita 1.2, sai lita 12. Salansar ƙaramar mota ta gwanjo na iya yin aikin, muddin bututunta bai fi na injin ƙanƙanta ba. A auna faɗin bakin fitar hayaƙi da rula kafin a je kasuwa.

In mai walda ne zai ƙera, a ba shi ƙarfe mai kaurin milimita 1.5 zuwa 2. Ya raba gwangwanin gida biyu ko uku da ba su yi daidai da juna ba, domin kowane ɗaki da irin amon da yake dannewa. Hudojin da ke jikin kowane faranti, idan an tara girman filinsu duka, ya zarce filin bakin bututun shiga da aƙalla rabi. Nan ne ake yawan yin kuskure: mai walda ya rage huda don ƙara ta mutu, ƙarar ta mutu ɗin, amma hayaƙi ya rasa hanya ya koma yana danne inji. Alamunsa baƙin hayaƙi, ruwan sanyaya inji na saurin tafasa, gas na ƙarewa da wuri, tarakta kuma ta kasa jan garma a ƙasar da ta saba kafcewa. A daɗe a haka, bawul ɗin hayaƙi ya ƙone. Kada kuma a yarda a yanka tsohuwar tukunyar gas ɗin girki don yin gwangwani, ragowar iskar ciki na fashewa da tartsatsin walda.

Wurin ɗaurawa, kada nauyin salansar ya rataya a kan notocin inji. Silinda ɗaya na girgiza ƙwarai, bututu zai tsage a gindin walda. A yi mata maƙali na ƙarfe a jikin injin kansa, su riƙa girgiza tare. Idan dole sai a jikin firam, a sa guntun bututu mai lanƙwasa tsakani, kamar santimita 15 zuwa 20. A rage gwiwoyin bututu, biyu sun isa. Bakin fita ya kalli sama ko gefe, nesa da fuskar mai riƙe da hannu, nesa kuma da tankin mai da bel. Wanda ya kalli sama a sa masa murfi mai buɗewa da kansa saboda damina, don ruwa na iya gangarawa har silinda.

Lokacin kaka da hunturu, karan dawa da harawa sun bushe ƙarau, a ɗaura ragar ƙarfe mai tare tartsatsi a bakin bututu, a riƙa goge ta da buroshi duk mako.

Daga nan a tada inji, ya yi zafi minti goma, a sa shi aiki na gaske a kalli launin hayaƙi. Bayan ya huce a sake ɗaure notoci, zafi kan sassauta su. Idan har yanzu akwai ƙara, a saurari ɓangaren matatar iska da tazarar bawul, sannan a bi murafun ƙarfe ɗaya-ɗaya a sa musu guntun roba inda suke karo da juna.