Kurakuran da aka fi yi wajen nazarin kwanson barcin ƙwayoyin teku

Dainofilajilet ƙananan halittu ne masu ƙwaya ɗaya da ke yawo a ruwan teku, wasunsu kan yi yawa har su rina ruwa ja, su kuma zuba dafi a cikin kawa. Babban kuskuren da ake yi shi ne a ga ruwa ya washe a ce sun ƙare. A wasu nau'o'in, irin su Alexandrium, ƙwayoyi biyu kan haɗe, su zubar da bulalar iyonsu, su yi kwanso mai tauri, su nutse cikin laka, su yi barci har lokacin da za su ƙyanƙyashe su koma ruwa. Don haka mai son sanin abin da baɗi za ta kawo sai ya ɗebo lakar ƙasan teku ya ƙirga kwanson, kamar yadda ake yi a mashigin tekun Maine na Amurka.

Kuskure na biyu ya fi yi mini ciwo, domin yana ɓata aikin ɗalibai masu himma. Mutum zai sa kwanso a ruwan reno, ya jira mako biyu, bai ga ƙyanƙyasa ba, ya rubuta cewa ya mutu. Alhali barcin iri biyu ne. Akwai na dole, wanda sabon kwanso ke yi har ya nuna, ko da an ba shi haske da ɗumi. Wannan kan ɗauki kwanaki ko watanni, ya danganta da nau'i. Akwai kuma na jiran hali, inda kwanson ya nuna amma sanyi ko duhu ko rashin iskar oksijin suka hana shi. Wasu kwanson Alexandrium na ruwa mai zurfi ma suna da agogon shekara a jikinsu, ba sa farkawa sai lokacinsu ya zo. Maganin shi ne a maimaita gwajin wata bayan wata, a yanayin zafi dabam-dabam. An taɓa farfaɗo da kwanson da ya yi kusan shekara 100 a lakar wani mashigi a Suwidin.

Ana kuma rikita kwanson barci da kwanson wucin gadi, mai siririn bango, wanda ƙwaya ke yi idan ta takura, ta fito bayan ɗan lokaci. A duba kaurin bangon da abincin da ke tare a ciki.

Ajiya ma tana da nata kuskuren. Kwanson da ke cikin lakar da aka bari a haske da ɗumi zai ƙyanƙyashe kafin a ƙirga, lissafi ya fito ƙasa da gaskiya. A rufe ta ruf, a sa a firij cikin duhu.

Masu jiragen ruwa kuwa kan zubar da ruwan daidaita nauyi, wato ruwan tekun da jirgi ke ɗiba a tanki don kada ya karkace, su manta da lakar da ta kwanta a gindin tanki, inda kwanson ke taruwa. Yarjejeniyar duniya kan wannan ruwa, wadda ta fara aiki a 2017, ta haɗa har da kwashe lakar da zubar da ita a wurin da aka tanada.