Yadda Za Ka Ziyarci Tsohon Jirgin Kwal, da Wanda Ya Kamata Ka Ɗauka

Tun da na kai Kawu Jos ya ga tsohon kan jirgi, abokai ke tambayata inda abin yake, da ko ana hawansa. Bari in fara da amsar da ba ta da daɗi: ba a hawa. A Birtaniya ne ake wannan shagali. Can, tun 1951 wasu masu sha'awa suka karɓi ƙaramin layin Talyllyn na yankin Wales suka ci gaba da tafiyar da shi da kansu, kuma ko da hukumar jiragen ƙasar ta daina aiki da jirgin tururi a 1968, har gobe 'yan sa-kai na hura wuta a tsofaffin injuna, mutum ya yanki tikiti ya sha hayaƙi son ransa. Namu kuwa a girke suke, tsatsa na ci, ƙadangaru na shan hantsi a kai. In ka je kai kaɗai, minti goma ya ishe ka: ka zagaya, ka ɗauki hoto, ka ce "ikon Allah", ka kama gabanka. Don haka guzuri na farko a wannan tafiya shi ne tsohon da ya yi aiki da abin.

Ni na yi sa'a, a gida nake da shi. Ƙanen mahaifiyata ne, ya shiga reluwe a Zariya yana saurayi, ya fara da goge inji a loko, wato rumfar da ake ajiye injuna ana gyara su, daga baya ya zama mai zuba kwal, wanda su ke kira fayaman. In babu irinsa a danginku, ka nufi tsofaffin kwatas ɗin reluwe na Zariya, Kano, Kaduna, Minna, Kafanchan, Gusau ko Nguru, ka tambayi inda 'yan fansho ke zama da yamma. Ka je da gaisuwa, da ɗan goro ko abin shayi, kada kuma ka fito da waya a zuwan farko. Sai dai ka hanzarta. Tun 1955 aka fara shigo da injunan dizal, yaƙin basasa kuma ya yanke kwal ɗin Inugu daga 1967, abin da ya ƙara tura jirgin tururi kwana. Duk wanda ya riƙe shebur a wancan zamani yanzu ya doshi tamanin ko ya haura. Wannan ba aikin "sai bayan damina" ba ne.

Ka fara da Jos. A harabar gidan tarihi na ƙasa, wanda aka buɗe a 1952, an ajiye injuna da taragun ƙaramin jirgin nan da Turawa suka kira Bauchi Light Railway. Sunan na ruɗarwa, don bai taɓa shiga garin Bauchi ba. Lardin ake nufi, lokacin Jos na cikinsa. Daga Zariya ya tashi, ya bi ta Soba, Dutsen Wai, Rahama da Jengre, ya hau dutse zuwa Jos da Bukuru a 1914, tafiyar mil 143. Kuza aka gina shi ya kwaso, wadda kafin nan a ka ake ɗaukarta. Da babban layi ya iso Jos ta Kafanchan a 1927 sai kasuwarsa ta fara ja baya, aka rufe shi a 1957.

Ka saka awon tela a aljihu. Na san abin dariya ne, amma shi ya fi komai fahimtar da yarana. Faɗin layin wannan ƙaramin jirgi ƙafa 2 da inci 6 ne, wajen santimita 76. Tsohon layin dogo da muka sani, na Legas zuwa Kano, ƙafa 3 da inci 6 ne, kusan santimita 107. Sabon na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 ya haura santimita 143. Ka sa yaro ya auna tsakanin ƙafafun injin da hannunsa, zai gane da kansa dalilin da ya sa dole a sauke kaya daga wannan jirgi a sake lodawa a wancan idan an iso Zariya.

In lokacin hunturu ne, ka ɗaukar wa tsoho rigar sanyi da hula mai rufe kunne, sanyin Jos ba ya ragawa kowa. Ka tambayi direbobin tasha halin hanya kafin ka tashi, ka yi tafiyar rana. Ka tafi da kujerar roba mai naɗewa, domin labari ba ya fitowa daga bakin wanda gwiwa ke damu.

Da muka isa, Kawu bai ce uffan ba. Ya zagaya injin sau ɗaya yana dogara sanda, ya tsaya ta wajen matuƙi, ya miƙa hannu ya shafa ƙarfen, sannan ya duba tafinsa kamar mai neman baƙin mai. Na buɗe baki zan yi tambaya, ya ɗaga mini hannu. Can ya ce, "Wannan ai jariri ne. Ina yaro na hau shi zuwa Dutsen Wai wajen gwaggona. In ya zo hawa, sai ka ga samari sun dira suna binsa da ƙafa." Daga nan bakin ya buɗe. Ya nuna mini ƙofar murhu, ya ce ba jibga kwal ake yi ba, watsa shi ake yi: shebur ɗaya dama, ɗaya hagu, ɗaya can ƙurya, yadda wuta za ta kwanta bai ɗaya. Zafin ya bi ta bututai cikin tukunyar ruwa, tururi ya taru, direba ya sake shi ya tura sandunan da ke juya ƙafafu. Ya nuna gurbin wata 'yar kwalba da ke nuna yawan ruwan tukunya, ya ce, "Ka ga nan? Idon fayaman ba ya barin nan. In ruwa ya sauka ya bar saman murhu a bushe, to ku yi salati." Na ce, "Kawu, hayaƙin fa?" Ya yi dariya. Wai baƙin hayaƙi abin kunya ne, alamar ana ɓarnar kwal, direban kirki harararka zai yi. Ni kuwa duk rayuwata na ɗauka baƙin hayaƙin nan shi ne ƙarfin jirgi.

Ga abin da na koya game da tambaya. Kada ka ce wa tsoho "ba ni tarihin reluwe". Zai gyara zama ya karanto maka abin da ya ji a rediyo. Ka tambaye shi ƙananan abubuwa: me kuke ci a hanya, a ina ake shan ruwa, wace gada ce ke ba ku tsoro, yaya ake yi in ƙafa ta riƙa sulɓi a kan dogo da damina. Wannan ta ƙarshe ce ta sa Kawu ya nuna mini akwatin yashi, wanda ake zubawa a gaban ƙafafu don su kama. Tambayar abinci kuwa ta fito da labarin yadda suke wanke shebur su gasa doya da ƙwai a bakin murhu. Ka tambaye shi sunayen injuna ma. Akwai jerin manya da aka ƙero a Birtaniya bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka sa musu sunayen kogunan Najeriya, kuma tsofaffin ma'aikata na tuna su ɗaya bayan ɗaya kamar dawakin gidan sarki, wannan mai gardama, wancan mai cin kwal.

Ka nemi izininsa kafin ka naɗi murya. Ka rufe layin wayar don kada kira ya katse, ka ajiye ta a gefe inda zai manta da ita. In ya kauce ya shiga labarin auren fari ko rigimar albashi, ƙyale shi, zai dawo. In ya faɗi shekarar da ka san ba daidai ba ce, kada ka gyara masa a wurin.

Tashoshin da ke aiki kuwa, sai da ladabi. A wata tasha, ban yi wa kowa sallama ba na hau ɗaukar hoton tsohon tankin ruwa, mai gadi ya riƙe mini waya, muka ɓata fiye da awa guda ana ba da haƙuri. Laifina ne. Ka fara zuwa ofishin shugaban tasha, ka gaishe shi, ka faɗi abin da ya kawo ka. In tsohon ma'aikaci na tare da kai, sau da yawa har kujera za a ba ku. Abin dubawa: dogon tankin da inji ke shan ruwa, ramin da ake zubar da toka a loko, da faifan da ake juya kan jirgi a kai in ya rage. Ka duba jikin kowane inji ko akwai farantin maƙera mai ɗauke da sunan kamfani da shekara, ka ɗauke shi hoto kusa-kusa, don irinsu ne 'yan gwangwan ke fara ɓallewa. Kada ka zura hannu cikin murhu ko ka shiga tarago mai ciyawa. Maciji da zuma sun riga ka kama wuri, ƙasan taragon ma ta iya ruɓewa.

In da sauran kuɗin mota, Minna ce ta biyu. A tasharta aka ajiye ɗan injin da ya yi aiki a gajeren layin Zungeru tun 1901, kuma a nan ne layin da ya taso daga Baro, bakin kogin Kwara, ya haɗu da na Legas. Wancan layin na Baro aka fara a 1907, dogo ya shiga Kano a 1911, daga nan cinikin gyaɗa ya buɗe har aka kai ga dalar gyaɗa. Mai zuwa Legas ya leƙa Jaekel House a unguwar reluwe ta Ebute Metta, tsohon gida ne da aka mayar ɗan gidan tarihi, akwai hotuna da kayan aiki. Mai son takardu kuma, ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da Arewa House duk suna Kaduna.

Da ka dawo, kada ka bar muryar a waya. A makon nan ka zauna ka rubuta ta, kalmomin aikin da ba ka gane ba ka koma ka tambaya tun yana tune da hirar. Ka tura wa mutum biyu a dangi kwafi. Ka kuma roƙi a buɗe maka tsohuwar akwatin ƙarfensa. A ta Kawu na sami katin aiki, da hoton su shida a gaban loko, hular kowa a karkace. Ya kawo sunan huɗu, na rubuta a bayan hoton da fensir. Na biyar ya ce mutumin Offa ne, suna kiransa da wani laƙabi, in ya tuna zai aiko a gaya mini.