Yadda Nake Haɗa Kek ɗin Minecraft a Gida

Idan ɗanki ya ce kek ɗin gem, wato wasan kwamfuta, yake so ranar zagayowar haihuwarsa, ki lallaɓa shi ya zaɓi Minecraft. Dalilina shi ne komai na cikin wasan nan murabba'i ne: ƙasa, bishiya, tunkiya, har rana da wata. Ba kya buƙatar hannun mai zane ko gwangwani na musamman. Wuƙa mai kaifi, rula da haƙuri sun wadatar. Kamfanin Mojang na ƙasar Suwidin ne ya ƙirƙiro wasan, ya fito a kammale a 2011, Microsoft kuma ta saye shi a 2014. Yaran da aka haifa bayan nan ma sun san shi ciki da bai, don haka kada ki yi tunanin za ki rufe musu ido. Da gefe ya karkace za su faɗa miki.

Abin da nake yi shi ne tubalin ciyawa, wanda shi ne tambarin wasan: kore a sama, ruwan ƙasa a gefe. Ina gasa shi hawa uku a gwangwani mai kusurwa huɗu, santimita 15 kowane gefe, don tsayi ya kusa kamo faɗi. Idan ya fito a baje, ya tashi daga tubali.

Ga kayan kwaɓin: fulawa giram 250, sukari giram 300, garin cakuleti giram 70, bekin foda ƙaramin cokali 2, bekin soda ƙaramin cokali 1, gishiri kaɗan, ƙwai 2, man girki mililita 120, madara mililita 240, da ruwan zafi mililita 240. Ki tankaɗe busassun kayan tare. A wani kwano ki kaɗa ƙwai da mai da madara, ki juye a kai, ki gauraya. Ruwan zafin shi ne na ƙarshe. Kwaɓin zai yi ruwa-ruwa har ki ji kamar kin ɓata, amma haka ake so, shi ke sa cikin ya yi laushi. Na fi son mai a kan bota a nan, domin kek ɗin zai kwana a firij, kuma na bota yakan yi tauri idan ya sha sanyi.

Ki raba kwaɓin uku, ki gasa a zafin digiri 180 na kamar minti 30 zuwa 35. Ki soka tsinken sakace a tsakiya, in ya fito a bushe ya yi. Wadda ba ta da oben ta zuba yashi mai tsabta a babbar tukunya, ta bar shi ya yi zafi sosai, ta ɗora gwangwanin a kan ƙananan duwatsu uku, ta rufe, ta rage wuta. Kada a buɗe kafin minti 25, in ba haka ba tsakiyar za ta faɗa.

Ki yi gashin tun jajibirin bikin. Wannan ba na sassauci a kai. Kek mai ɗumi yana marmashewa a ƙarƙashin wuƙa, ita kuwa wannan siffa gefenta ne adonta. Idan ya huce, ki naɗe kowane hawa a leda, ya kwana a firij. Da safe ki yanke tudun da ya taso a saman kowanne ya zama shafal, ki jera su, ki ɗora rula a gefe ki aske abin da ya fito. Ɓarɓashin da ya zuba kada ki zubar, ki tara shi a kwano.

Kirim ɗin kuwa bota giram 250 ne da aisin suga (garin sukari mai laushi) giram 500 da madara babban cokali 2. Ki fara buga botar ita kaɗai har ta yi fari, sannan ki riƙa zuba sukarin kaɗan-kaɗan. Ki ɗebi kashi ɗaya cikin uku ki sa masa koriyar kalar abinci, sauran ki zuba masa garin cakuleti giram 50. Idan bikin ya faɗo a watan Maris ko Afrilu, lokacin da zafi ke kan ganiyarsa, ki yi aikin da sassafe, kuma ki ajiye kwanon kirim a cikin wani kwano mai ruwan sanyi.

Ki shafa kirim mai cakuleti tsakanin hawa-hawan, sannan ki bi jikin duka da siririn shafi wanda zai kama ɓarɓashi. Firij minti 20. Ki sake shafawa da kauri, ki daidaita da bayan wuƙa da kika tsoma a ruwan zafi kika goge. Sai ki ɗauko ɓarɓashin nan ki riƙa danna shi a gefe da tafin hannu. Nan take zai zama ƙasa sak.

Ciyawar ce na fi ɓata lokaci a kanta. Ki zuba busasshiyar kwakwa gogaggiya a leda, ki ɗiga kala kore da ruwa ɗigo biyu, ki ɗaure ki girgiza har ta rinu. Ki yi kala biyu, mai duhu da mai haske, domin a wasan ma koren ba iri ɗaya ba ne. Ki shafe saman da koren kirim, ki barbaɗa kwakwar. Sai abin da mutane da yawa ke mantawa: ciyawar tana zubowa gefe, kuma ba a layi ɗaya take tsayawa ba. Ki ɗauki tsinke ki zana bakin ciyawar a jikin kek ɗin kamar matakalar bene, nan ya sauko santimita 2, can santimita 3, can kuma 1, kowace kwana a tsaye cak, babu lanƙwasa. Ki cike da koren kirim ta leda da kika huda bakinta. Wannan zanen ne zai sa yaro ya gane tun daga bakin ƙofa.

Ba na ba da shawarar fondan, wato kwaɓaɓɓen sukarin da ake murzawa a lulluɓe kek da shi, ga mai farawa. Yana gumi a zafi, yana tsagewa a kusurwa, yara kuma ɓare shi suke yi su bari a faranti. Idan kina son fuskar Creeper, koren dodon nan mai fashewa, ki yi ta a kan biskit mai kusurwa huɗu. Ki shafe shi da koren kirim, ki yanka cakuleti ƙanana: biyu su zama idanu, ɗaya a tsakiya ƙasa da su, sai baki mai faɗi da gefensa biyu suka sauko. Ki jingina shi a saman ciyawar. Nan ne wurin da za ki bar mai bikin ya sa hannu, don ya fi ki sanin inda kowane ido yake zama.

Ki fito da kek ɗin daga firij kamar rabin awa kafin a yanka. Da yake dogo ne, kada ki yanka shi tsinin-tsini irin na zagayayye. Ki sare shi daga sama har ƙasa, faɗin yatsu biyu, ki kwantar da yankin a faranti, sannan ki raba shi ƙananan murabba'ai, kina goge wuƙar bayan kowane yanka.