Yadda jami'in kwaleji zai riƙe matan da suka dawo karatu bayan shekaru

Sabon jami'i yakan fara da taron maraba, ya yi doguwar huɗuba kan ilimin mace, ya ɗauka ya sauke nauyi. Matar da ta ajiye karatu shekara goma ta dawo da goyo ta san amfanin ilimi, shi ya kawo ta. Tsari take nema a wajenka.

Fara da takardu. Karanta fom ɗin shiga kamar kai ne mai shekara 35. In akwai gurbin sa hannun iyaye, cire wa manya shi. Sau da yawa sunan da ke takardarta ta sakandare ba shi take amfani da shi ba bayan aure. Ka sa ofis ɗaya ya warware wannan, kada a yi ta yawo da ita tsakanin rajista da ofishin kuɗi.

Sai jadawalin darussa, kuma a nan na ga an fi zubar da mata. Ɗalibar da ke kwana a makaranta, a aiko saƙo da dare cewa an mayar da lacca ƙarfe huɗu, ba abin da ya dame ta. Ita matar da ta dawo karatu kuwa a kan jadawalin ta ɗora komai: wanda zai riƙe jariri, lokacin da za ta nemi izini a wajen aiki, wanda zai ɗauko manyan yaran daga makaranta. Malami ya gusar da awa ɗaya, ya wargaza mata mako. In ya maimaita, sai ta daina zuwa, a rubuta cewa ba ta da himma. Don haka fitar da jadawali kafin a buɗe rajista. Tara darussa cikin kwana biyu ko uku, maimakon awa ɗaya yau, awa ɗaya gobe. Kada a canza komai sai da sanarwar mako guda. Malamai za su yi gunaguni, bar su. Gwajin ba-zata kuwa ni ban yarda da shi ba sam.

Naɗar lacca ba ta cin kuɗi, wayar hannu ta isa. Open University ta Birtaniya, da aka kafa a 1969, da rediyo da talabijin da wasiƙa ta koyar da manya a gidajensu, balle yanzu da ake da intanet.

Bayan haka, rubuta dokar jingine zango saboda haihuwa ko jinya, a manna ta inda kowa zai gani, don kada mace ta zo tana roƙon abin da yake haƙƙinta. A ba da damar biyan kuɗin makaranta kashi-kashi. A ware ɗaki mai ƙofa don shayarwa. Wadda aka yi mako biyu ba a gan ta ba, ɗaga waya ka kira ta, kada ka jira sakamakon jarrabawa.