Takwarori a majalisar Ingila: kurakuran da aka fi yi wajen bambance su, da yadda ake gyarawa

Duk wanda ya taɓa fassara tarihin Ingila ko ya shirya darasi a kansa ya san ciwon kan da sunayen 'yan majalisarsu ke jawowa. Gida ɗaya kan riƙe kujera shekara da shekaru, uba ya sauka ɗa ya hau, kuma manyan gidajen sun saba maimaita sunan yanka: ɗan fari ya ci sunan ubansa, jika ya ci na kakansa. Shi ya sa za ka tarar da Robert Peel uku, Winston Churchill uku, Oliver Cromwell biyu. Suna kaɗai ba ya nuna mutum a wannan fage. Abu uku ne ke nuna shi: shekara, mazaɓa, da laƙabin da yake ɗauke da shi ranar da aka rubuta takardar.

Haɗa uba da ɗa a riga ɗaya

Wannan shi ne babban kuskure, kuma gidan Peel ne ya fi kama mutane. Garin Tamworth ya tura Sir Robert Peel majalisar wakilai daga 1790 zuwa 1820, ya sake tura Sir Robert Peel daga 1830 zuwa 1850, sannan Sir Robert Peel daga 1850 zuwa 1880. Kaka ne da ɗa da jika. Na farko attajirin masaƙar auduga ne, shi ya kawo dokar 1802 kan lafiyar yara masu koyon aiki a masaƙu. Na biyu shi ne firaminista, wanda ya kafa 'yan sandan Landan a 1829 yana ministan cikin gida, ya kuma soke dokokin harajin hatsi a 1846. Sau da yawa sai a ɗora wa firaministan dokar 1802, alhali an haife shi a 1788, yana ɗan shekara 14 ke nan a lokacin.

Gyaran yana cikin kalmar Sir. Sarautar gidan, wadda suke kira baronet, gado ce, kuma mutum ɗaya ke riƙe ta a lokaci guda. Uban ya samu a 1800, bai rasu ba sai 1830. Don haka duk inda ka ga "Sir Robert Peel" a takardar da aka rubuta kafin rasuwarsa, uban ake nufi, ɗan kuwa "Mr. Peel" za ka gani, ko da yana minista. Ka kula sosai da shekarun 1809 zuwa 1820, domin su biyun suna zaune a zauren tare. Amma wannan ma'auni na takardun zamanin ne kawai. Marubutan baya sukan kira ɗan Sir tun daga ƙuruciyarsa, don da sunan aka san shi.

Gidan Pitt ya fi sauƙi tunda tarihi ya riga ya raba su: William Pitt Babba (1708 zuwa 1778) da William Pitt Ƙarami (1759 zuwa 1806). Uba da ɗa ne, ba wa da ƙani ba. Ba su taɓa zama a majalisar wakilai tare ba, domin Babban ya bar ta a 1766, Ƙaramin bai shiga ba sai 1781.

Rikita gari da gunduma

A tsohon tsari gunduma na da wakilanta biyu, galibin garuruwan da ke da 'yancin zaɓe su ma kowanne na da biyu, birnin Landan na da huɗu. Matsalar ita ce sunan gunduma yakan zama sunan babban garinta da aka maƙala wa "shire" a ƙarshe. Mai gaggawa sai ya yar da wutsiyar, ya haɗa mutum biyu.

Dubi Oliver Cromwell. Wanda ya jagoranci sojojin majalisa, ya mulki ƙasar daga 1653 zuwa 1658, garin Huntingdon ya wakilta a 1628. Amma jerin wakilan gundumar Huntingdonshire na ɗauke da wani Sir Oliver Cromwell sau da dama, har da majalisar 1604, lokacin da shahararren bai cika shekara biyar ba. Baffansa ne, yayan mahaifinsa, kuma a yaƙin basasa ɓangaren sarki ya bi. Wanda ya haɗa su zai wayi gari ya rubuta cewa mutumin da ya sa hannu a takardar kashe sarki mai goyon bayan sarkin ne. Shahararren bai taɓa zama Sir ba. Wannan kaɗai ya isa ya raba su.

Cambridge ta fi haka ma, mazaɓa uku ce: gari, jami'a, da gundumar Cambridgeshire. Oliver Cromwell garin ya wakilta a 1640. Ɗansa Richard jami'ar ya wakilta a 1656, haka Pitt Ƙarami daga 1784 har rasuwarsa. Rubuta "ɗan majalisa mai wakiltar Cambridge" ba tare da faɗin wacce ba rabin aiki ne.

Mayar da mutum ɗaya mutum uku

Kishiyar kuskuren farko ke nan. Ba dole ba ne ɗan majalisa ya fito daga inda yake wakilta, kuma sukan yi ta sauya mazaɓa. Winston Churchill firaminista ya wakilci Oldham daga 1900, Manchester ta arewa maso yamma daga 1906, Dundee daga 1908, Epping daga 1924, sai Woodford daga 1945 zuwa 1964. Duk shi kaɗai ne. Takwarorinsa na gaskiya su ne Sir Winston Churchill da ya shiga majalisa a 1661 ya rasu a 1688, da jikan firaministan, wanda ya wakilci Stretford daga 1970.

A da akwai kuma wanda kan ci kujera biyu a zaɓe ɗaya, ya zaɓi guda ya saki ɗayar. A 1880 William Gladstone ya ci Leeds da Midlothian, ya riƙe Midlothian, ɗansa Herbert ya ci zaɓen cike gurbi a Leeds. Idan ka ga Gladstone sau biyu a jerin Leeds na wannan shekara, ba kuskuren ɗab'i ba ne.

Laƙabi kan haɗiye suna

A wancan zamani, idan mutum ya zama cikakken mai sarauta yakan koma majalisar dattawa, sunan gidansa ya ɓace daga takardu. Sunan Pitt Babba ya koma Chatham a 1766, na Sir Robert Walpole ya koma Orford a 1742. Mai bincike da bai san haka ba sai ya ɗauka mutumin ya rasu ko ya yi ritaya.

Sai dai ba kowane Lord ne ɗan majalisar dattawa ba, kuma nan ne ƙwararru ma kan yi tuntuɓe. 'Ya'yan manyan masu sarauta na ɗaukar laƙabin girmamawa, amma a doka talakawa ne, suna iya tsayawa zaɓe. Lord North ya yi firaminista daga 1770 zuwa 1782 yana wakiltar Banbury a majalisar wakilai. Lord Randolph Churchill ma haka, ɗan duke ne kawai, wato ɗan wani babban mai sarauta. Misalin da ya fi ɗaure kai shi ne Lord Robert Cecil: ya wakilci Stamford daga 1853, laƙabinsa ya koma Cranborne a 1865 da yayansa ya rasu, ya koma Salisbury a 1868 da ubansa ya rasu, da wannan sunan kuma ya yi firaminista. Sannan ɗansa ya shiga majalisa a 1906, shi ma Lord Robert Cecil, shi ne ya karɓi kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1937. Mutum ɗaya suna uku, suna ɗaya mutum biyu, duk a gida guda. Maganin shi ne ka rubuta kowane laƙabi da shekarar da aka fara amfani da shi da shekarar da aka daina.

Zaton sunan gida shaidar zuriya ce

A Ingila suna na biyu ba sunan uba ba ne irin namu, sunan dangi ne da ake gada. Amma ba ya tabbatar da jini. Charles James Fox da William Johnson Fox, wanda ya wakilci Oldham daga 1847, suna kawai ya haɗa su. Inda akwai jinin ma yakan biyo ta mace. Oliver Cromwell ba jikan Thomas Cromwell ba ne, wazirin Henry na Takwas da aka kashe a 1540. Daga 'yar'uwar Thomas ya fito, wadda ta auri Morgan Williams. Ɗansu Richard ne ya ɗauki sunan kawunsa don samun shiga. Churchill firaminista ma ta ɓangaren maza ɗan gidan Spencer ne, sai a 1817 gidan ya ƙara Churchill a kan sunansa. Kada ka zana bishiyar zuriya sai ka ga inda aka ambaci uba da uwa ƙarara.

Shekarar da ta zame

Kafin 1752 sabuwar shekara a takardun hukuma na Ingila ranar 25 ga Maris take farawa. Majalisar da Cromwell ya fara shiga ta zauna ranar 17 ga Maris 1628 a lissafinmu, amma takardun lokacin 1627 suka rubuta. Wanda ya ga shekarun biyu a wurare daban sai ya ƙirƙiro zaɓe biyu, wani lokaci har da mutum biyu. Ƙa'idar gajeriya ce: duk kwanan watan da ya faɗo tsakanin 1 ga Janairu da 24 ga Maris a tsohuwar takarda, ƙara masa shekara ɗaya, sai in editan zamani ya riga ya gyara. Idan ka ga 1627/8, ta biyun ce tamu.

Lissafin shekarun haihuwa na da amfani, amma kada ka dogara da shi fiye da kima. Ɗan shekara biyar ba ya majalisa, wannan tabbas ne. Ɗan sha tara kuwa ya yi: Charles James Fox ya ci kujerar Midhurst a 1768 da waɗannan shekarun, Christopher Monck ya wakilci Devon a 1667 yana ɗan shekara 13.

Kafin ka rubuta jimla ɗaya a kan wani takwara, buɗe masa shafi: shekarar haihuwa da rasuwa, sunan uba, kowace mazaɓa da shekarunta, kowane laƙabi da lokacinsa. Ka kuma rubuta wace majalisa ce, domin ta Ingila ta ƙare a 1707, ta Birtaniya ta biyo baya, ta haɗe da Ayalan daga 1801. Kundin History of Parliament shi ne madogara mafi kyau har zuwa 1832, yana raba takwarori da lambobi, kamar Robert I da Robert II. Sai dai an kasa kundin kashi-kashi bisa zamani, kuma lambobin na cikin kowane kashi ne kawai. Mai lamba II a wani kashi yana iya fitowa ba lamba a na gaba, don haka a rubutunka shekarun haihuwa da rasuwa za ka sa a gaban sunan, ba lambar ba.